Mai Dafa Kafaɗa

Duk wanda ya daɗe a Gwarzo ya san gindin durumin da ke bayan layin teloli, ya kuma san Malam Maikuɗi. Tela ne, amma ba ɗinki ne ya yi masa suna ba. In za a faɗi gaskiya ma, rigar da ya ɗinka hannu ɗaya kan fi ɗaya tsawo. Dara ce ta ɗaga shi. In la'asar ta sakaya aka share ƙasa aka haƙa gurabe, wannan ya kwashi guntayen kara wancan ya kwashi tsakuwa, to Maikuɗi ya zama wani mutum daban. Kafin ka janye hannunka ya riga ya ajiye nasa, yana taunar goro, yana kallon masu wucewa kamar ba da shi ake wasan ba. Kana can kana ƙirga gurabe da yatsa zai jera uku ya ɗauke maka ɗa guda daga cikin 'ya'yan wasanka, ya tambaye ka ko gida lafiya.

Wannan sauri shi ne abin alfaharinsa. Bai tara dukiya ba duk da sunansa, bai yi karatun boko mai zurfi ba, amma a garin in ana so a yaba wa yaro kaifin hankali sai a ce yana da kan Maikuɗi. Da wannan kalma ya rayu, ya ƙoshi.

Akwai wata karawa da ake yi tsakanin 'yan darar Gwarzo da na Kabo duk shekara bayan an shigar da amfanin gona, bana a nan baɗi a can. Kowane gari ya zaunar da gwaninsa guda. Da can 'yan kallo kan yi ta ihun a tura wannan a tare wancan, har wata shekara aka tashi baram-baram, wani ya koma gida babu hula. Tun daga nan dattawa suka kafa doka: babu mai buɗe baki. Sai dai kowane ɗan wasa ana zaunar masa da dattijo ɗaya a bayansa, wanda ake kira mai dafa kafaɗa. Ba ya magana, ba ya nuni. In ya hango haɗari sai ya ɗora hannu a kafaɗar ɗan wasan, ma'ana dakata ka sake dubawa. Amma dole dafawar ta riga ɗaga ɗa, domin a dara abin da ka ɗaga ka ɗaga ke nan. Tun Maikuɗi yana da baƙin gemu shi ke zama wa Gwarzo, kuma dattawan da suka zauna a bayansa gyangyaɗi kawai suka yi ta yi.

Abin ya fara ne a hankali. Mai kawo ɗinki zai zo, Maikuɗi ya san shi ya san ubansa, amma sunan ya maƙale, sai mutumin ya tafi sannan ya faɗo masa. A gindin durumi hannunsa ya fara tsayawa a sama kafin ya sauka. Ba ya yin kuskure, sai dai abin da da yake gani cikin ƙiftawar ido, yanzu sai ya bi shi gurbi-gurbi kamar kowa. Wata rana da hantsi jiri ya ɗebe shi a kan keken ɗinki, matarsa Uwaliya ta aika aka kira Judith.

Judith ma'aikaciyar jinya ce, matar Malam Dung maƙwabcinsu. Dung ɗin mutumin Filato ne, malamin lissafi a sakandare, ya zo Gwarzo tun yana saurayi ya zauna har ya fara furfura a gefen kunne. Maikuɗi ne ya koya masa dara da hannunsa, tun bai san bambancin dasa 'ya'ya a gurabe da gusar da su ba.

Ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake aunawa.

"Baba, ina maganin da aka rubuta maka bara?"

Uwaliya ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Yana saman kwaba. Cewa ya yi lafiyarsa ƙalau."

"Jinin nan ya hau sosai," in ji Judith. "Kuma ba zuciya kaɗai yake taɓawa ba. Akwai ƙananan jijiyoyi a ƙwaƙwalwa, in jini ya daɗe yana bugunsu da ƙarfi sai su gaji, saƙo ya riƙa tafiya a hankali. Shi ya sa suna ke maƙale maka."

Maikuɗi ya ɓata rai. "Wato kan ya lalace ke nan, Sista."

"A'a, Baba, ban ce ba. Sauri daban, sani daban. Sauri kowa nasa raguwa yake yi, tun mutum bai tsufa ba ma yake fara sauka. Ɗanka Dung yanzu ba ya lissafin ka kamar lokacin da na aure shi. Amma abin da mutum ya sani, ya gani, ya tara, wannan ƙaruwa yake yi in an kula da lafiya. Hatsinka na nan cikin rumbu, ɗebowa ce ta koma a hankali. Ka sha magani, ka rage gishiri, ka riƙa taka ƙafa da safe."

Magana ce mai daɗi in mutum yana son ji. Maikuɗi dai daga cikinta duka abu ɗaya ya ɗauka ya sa a aljihu: saurinsa ya ragu, kuma matar Dung ce ta faɗa.

Ya sha maganin, don Uwaliya ba ta wasa. Jirin ya tafi. Saurin bai dawo ba.

A daminar nan Dung ya fara cinye shi. Karon farko aka ce sa'a ce. Da abin ya yawaita sai majalisar gindin durumi ta daina cewa komai, wanda ya fi zagi ciwo. Abin da ya fi ƙona wa Maikuɗi rai ba cin ba ne, yadda ake cin ne. Dung na ajiye kara ba tare da ya duba ba, yana hira da na gefe, daidai yadda shi yake yi a da. Har ɗan karkatar da kai ya kwaikwaya. Kuma in ya ci sai ya ce, "Baba, aikinka ne fa," cikin ladabi, yana ɗan rusunawa. Da rashin kunya ya yi masa da ya sami abin kamawa. To yaya za ka yi da mutumin da ya ƙwace maka suna yana gaishe ka?

Ranar da ya ji wata mata a bakin famfo tana yaba ɗanta da cewa kansa kamar na Tica Dung, bai ci tuwon dare da daɗi ba. Hassada ce ta kama shi, tsagwaronta, kuma ya san ita ce. Yakan yi istigfari ta lafa, da ya hango Dung tafe da jakarsa sai ta taso.

Da aka gama yankan dawa majalisa ta zauna zaɓen wanda zai je Kabo. Alhaji Musbahu, shugaban majalisar, ya yi ta zagaye-zagaye kamar mai neman aure, ya yabi Maikuɗi tun daga ƙuruciya, sannan ya sauka inda kowa ya san zai sauka.

"Bana Malam Dung zai zauna. Kai kuma, Malam Maikuɗi, alfarma muke nema ka dafa masa kafaɗa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Dung ya miƙe. "Ni dai in ba Baba a bayana, ba zan zauna ba."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Maikuɗi. Ya yi murmushin yaƙe har da gyaɗa kai.

A gida Uwaliya ta dube shi yana jujjuya cokali a kwanon fate. Shekarun da suka yi tare sun wuce a ɓoye mata fuska.

"Malam, yaron nan fa kai ka rene shi a wasan nan. In ya ci, wa ya ci?"

"Na ce wani abu ne?"

"Ba ka ce ba. Shirun naka ne ya cika ɗakin."

Ya ture kwanon gefe. Akwai abin da ko ita bai gaya mata ba. Gwanin Kabo, wani tsohon manomi mai suna Muntari, sa'ansa ne, kuma yana da wani tarko da yake haɗawa tun wajen dasawa. Yakan bar ɗa guda a gefe kamar ya manta da shi, abin ci a sarari. Kana matsar da karanka ka jera uku ka cinye, ka buɗe masa gurbin tsakiya, daga nan tsakuwa ɗaya zai riƙa kaiwa da komowa, kowane motsi da ci, har ya share ka. Sau ɗaya Maikuɗi ya taɓa faɗawa tarkon, suna samari, bai kuma sake ba. Ya koya wa Dung komai na dara ban da wannan. Da farko mantuwa ce. Daga baya ya tuna, ya ce gobe, goben kuma ba ta zo ba.

Ranar karawa suka cika mota ɗaya suka nufi Kabo. Gonaki duk an yashe, sai bukkokin kara tsaye a ciki, awaki na kiwo yadda suka ga dama. Samarin majalisa sai zuga Dung suke yi, shi kuma yana ta juyowa yana tambayar Baba ko iska ta yi masa yawa a rufe gilashi. Maikuɗi ya ce a bari.

Mutanen Kabo sun share gindin wata tsamiya, sun shimfiɗa tabarmi, sun yayyafa ruwa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya, aka tambayi amfanin gona da mutan gida, aka sha kunun zaƙi. Muntari ya taso da sandarsa ya riƙe hannun Maikuɗi ya daɗe bai saki ba.

"Bana an sauke ka ke nan."

"Na gaji da cinye ka ne, na kawo maka ɗana."

Aka yi dariya, har shi. Sannan Maikuɗi ya je ya zauna a bayan Dung, wurin da bai taɓa zama ba, inda abin da ya fi gani shi ne ƙeyar wani.

Wasa uku ake yi, wanda ya ci biyu ya tafi da suna. Na farko Dung ya share Muntari kafin mutane su gyara zama. Hannunsa kamar walƙiya, 'yan Gwarzo na ta murmushi suna zungurin juna, don an hana magana. Wani dattijon Kabo da ke kusa ya sunkuyo ya raɗa wa Maikuɗi cewa wannan ai ya fi shi sauri ko a zamaninsa. Da nufin yabo ya faɗa. Na biyu Muntari ya ja wasan a hankali, ya yi ta dogon tunani har Dung ya fara ƙosawa, Muntarin ya ci da ƙyar.

Aka share gurabe aka fara dasa na uku. Muntari na ajiye tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa kamar mai jin barci. Maikuɗi na bin su da ido. Ba lissafi yake yi ba, a lissafi ya san ba zai kamo Dung ba. Siffar ce kawai ta fara yi masa kama da wani abu, yadda kake gane mutum daga tafiyarsa tun yana nesa. Biyu a nan, biyu a can, gurbin tsakiya a toshe da karan Dung guda, ga kuma wata tsakuwa can a gefe ita kaɗai kamar marainiya. Tun ba a gama dasawa ba ya gane.

Wani daɗi ya fara ratsa shi. Ashe kan na nan. Duk taron nan, da masu saurin da masu bokon, babu wanda ya gani sai shi. Maganar Judith ta faɗo masa, ya yarda da ita a karon farko.

Aka fara gusarwa. Muntari ya yi wani motsi na banza, ya bar tsakuwar gefe a buɗe. Maikuɗi ya ga kafaɗar Dung ta ɗan ɗaga, alamar ya hango abin ci. Kuma sai Dung ya yi abin da bai saba ba: ya dakata. Ya ɗan karkato da kafaɗarsa ta dama baya, yana jira. Lokaci ne isasshe, ko tsohon da ya fi Maikuɗi nauyin jiki ya isa ya miƙa hannu.

Hannun ya taso daga gwiwarsa. Sai ya tuna da matar bakin famfo, ya tuna raɗar dattijon nan. Ya hango motar komawa, ana ta kiran sunan Dung, babu mai tuna wata dafa kafaɗa. In kuwa Dung ya faɗi, za a ce da Maikuɗi ne ya zauna da ba haka ba. Bai yanke shawarar komai ba, haka ya riƙa gaya wa kansa daga baya. Ya dai bar hannun a sama, bai kai ba bai janye ba.

Dung ya ji shiru, ya ɗauka hanya lafiya. Ya ɗaga karan tsakiya.

A daidai nan kunya ta rufe Maikuɗi, hannun ya sauka a kafaɗar da ƙarfi. Kowa ya gani. Kowa kuma ya ga karan ya riga ya bar ƙasa.

"An ɗaga," in ji alƙalin wasa.

Dung ya jera ukunsa ya ɗauke tsakuwar gefe, don ba shi da zaɓi. Muntari ya tura tasa tsakiya. Daga nan sai kaiwa da komowa, yana tsince karan Dung ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. 'Yan Kabo suka ɓarke da sowa.

Maikuɗi ya zauna yana jiran abin da ya hango, a ce da shi ne da ba haka ba. Babu wanda ya faɗa. Abin da ya ji a bayansa daban ne.

"Ya gani fa, amma a makare."

"Allah sarki. Da can ai kafin a dasa ya gani."

"Tsufa ke nan. Ga hawan jinin nan kuma."

Wani saurayi daga cikin 'yan Gwarzo ya fara gunaguni cewa da ma an zaunar da mai sauran kuzari. Dung ya juyo ya dube shi da ido jajir.

"Kada in sake jin wannan. Ni na yi gaggawa. Duk cikinku wa ya ma gani? Baba kaɗai ya gani, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa." Ya durƙusa gaban Maikuɗi. "Baba, ka yafe ni, na ba ka kunya. Da na ƙara jira kaɗan da hannunka ya iso."

Da Dung ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya buɗe baki, maganar na kan harshensa: tun wajen dasawa na gani. Ita kaɗai za ta wanke kansa, ta dawo masa da sunan da ya rayu a kai. Amma ya san tambayar da za ta biyo baya, kuma Dung ne zai yi ta, a durƙushe, a gaban mutanen gari biyu. Ya rufe bakin.

Alhaji Musbahu ya matso ya dafa shi a hankali, yadda ake dafa marar lafiya. "Ba komai, Malam. Mu ne da laifi da muka ɗora maka. Baɗi sai ka huta, ka zo ka yi kallo cikin girma."

Ana shirin tafiya Maikuɗi ya koma gefe yana neman takalminsa. Muntari ya dogaro sanda ya tsaya kusa da shi, yana kallon gurabun da yara suka fara tattakewa.

"Na ɗauka ba zai kama ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Da na ga kai ne a bayansa na so in fasa. Ina dasa ta gefen nan na ɗago na dubi fuskarka."

Maikuɗi bai ɗago ba.

"Su ce ka tsufa, su suka sani. Ni dai na san kan nan bai je ko'ina ba." Ya gyara riƙon sandarsa. "Yaron kirki ne, Maikuɗi. Har jiranka ya yi."

Ya juya ya tafi wajen mutanensa.

A mota aka ba Maikuɗi gaba, kusa da direba, aka rufe masa gilashi ba tare da an tambaye shi ba. Babu mai hira. Da suka iso Gwarzo Dung ya riga kowa sauka, ya zagayo ya buɗe masa ƙofa ya miƙo hannu.

"A hankali, Baba. Ba sauri muke ba."

Maikuɗi ya dubi hannun. Ƙafarsa ƙalau take, da zai iya dirowa da kansa. Ya kama hannun ya sauka a hankali, yadda kowa yake tsammani.